Kwarin Kashmir: Abin da Ejan Bai Sa a Lissafi Ba

Duk wanda ya taso a Kano ko Zariya ko Damagaram a zamanin da sinima ke ci, ya san Kashmir tun kafin ya san sunanta. Jarumi na gangarowa daga tudu fari fat, jaruma na zaune cikin kwale-kwale mai rumfa, dogayen itatuwa sun jeru kamar an auna su da igiya. A sinimomin Plaza da Marhaba aka fara yi mana tallar wannan ƙasa, kaset ya karɓa, faifai ya karɓa, yau kuma waya ce ke ci gaba da aikin. Don haka ba abin mamaki ba ne idan ɗan kasuwar da Dubai ta gundure shi, ko ango mai son burge amarya, ya fara tambayar nawa za a kashe. Kamfanonin yawon buɗe ido na Indiya kuwa suna da amsa a shirye: kwana biyar ko shida, Srinagar, Gulmarg, Pahalgam, Sonamarg, dare ɗaya a gidan kan ruwa, ga farashi a dunƙule. Ba na cewa ƙarya suke yi. Kuɗin ɗaki da mota da karin kumallo suka faɗa, kuma sau da yawa daidai suka faɗa. Abin da ya dame ni shi ne jadawalin, domin suna sayar da kwanakin da ba su da iko a kansu.

Kafin a zo nan, a fara rage wani abu daga mafarkin kansa. Gaskiya ne a kan tafkin Dal aka ɗauki Kashmir Ki Kali na Shammi Kapoor a 1964, an ɗauki wani sashe na Bobby a Gulmarg a 1973, kuma akwai wani ɗan kwari kusa da Pahalgam da har yau ake kira Betaab saboda fim ɗin Sunny Deol na 1983. Amma da tawaye ya ɓarke a 1989, masu fim suka naɗe kayansu. Mai shirya fim Yash Chopra ya mayar da duwatsunsa Suwizalan, har mutanen garin Interlaken suka kafa masa mutum-mutumi don godiya. Tsaunukan da ke cikin Dilwale Dulhania Le Jayenge na 1995 na Turai ne. Wato da yawa daga cikin waɗanda suka girma da Shah Rukh Khan, Suwizalan suke bege ba su sani ba. Su kuwa mutanen kwarin, an rufe musu gidajen sinima a 1990, sai a 2022 aka buɗe sabo a Srinagar.

To, a zo kan kuɗi. Asarar farko a kasuwar canji ta Wapa ake yin ta, tun ba a ga jirgi ba. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A 2024 ta haura 1,500. Rufin Indiya da a da ba a ɗauke shi bakin komai ba, a ƙarshen 2024 ya haura naira 17. A lissafin wancan lokacin, duk abin da ɗan Delhi zai kira araha, sai ka ninka shi sau goma sha bakwai kafin ka yarda da shi. Kuma sau biyu za a yanke ka: naira zuwa dala a gida, dala zuwa rufi a can. Biza tana da nata kuɗin da nata zirga-zirgar, a ofishin jakadancin Indiya na Abuja ko ƙaramin ofishinsu na Legas. Katin rigakafin shawara dole ne ga mai fitowa daga ƙasashenmu, ba ya fara aiki sai allurar ta yi kwana 10, kuma wanda ya sauka babu shi ana iya killace shi har kwana 6. Wannan kaɗai ya cinye tafiyar baki ɗaya.

Jirgi hawa uku ne: zuwa Addis Ababa ko Doha, zuwa Delhi, sannan sa'a ɗaya da rabi zuwa Srinagar. A hawa na ukun ne tarkon yake. Yawanci tikiti ne dabam, na kamfani dabam, don haka in jirgin farko ya makara, babu wanda ke da alhakinka. Jiragen cikin gida na Indiya kuma kilo 15 suka saba ba mutum, alhali an bar ka ka taso daga gida da manyan akwatuna. Mu da ba ma tafiya sai da tsaraba, a kan sikeli za mu gane kurenmu.

Yanzu ga tambayar da ta fi kowace nauyi: a wane wata? Kashmir ɗin da ke cikin talla haɗin gambiza ce. Furannin tulif, da dusar ƙanƙara, da jan ganyen itacen chinar, da gonakin za'afaran, duk a shafi ɗaya, alhali ba sa haɗuwa a mako ɗaya. Lambun tulif na Srinagar wata guda ko ƙasa da haka yake buɗewa, daga ƙarshen Maris zuwa Afrilu. Za'afaran na Pampore yana fure ne 'yan makonni a ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba. Mai son ƙanƙara, wanda shi ne mafi yawanmu, sai ya nufi tsakiyar hunturu, kwanaki 40 ɗin da suke kira Chillai Kalan, daga 21 ga Disamba zuwa ƙarshen Janairu. A daidai lokacin ne ruwa ke daskarewa a bututu, wutar lantarki ke wasan ɓuya, hazo ke tsayar da jirage a Delhi, ƙanƙara ke tsayar da su a Srinagar. Abin da ka biya don ka gani shi ne abin da zai hana ka isa. Kuma ko ka isa, babu tabbas. A Janairun 2024 hotunan Gulmarg suka cika jaridun duniya, tudun nan na wasan zamiya ya koma busasshiyar ciyawa, har aka kusa fita wata ba a ga fari ba. Waɗanda suka biya tun Oktoba ba a mayar wa kowa kuɗin ƙanƙararsa ba.

Mai cewa to bari in je da zafi, shi ma yana da nasa. Daga Mayu zuwa Yuni mutanen Delhi da Gujarat da Bengal ke gudo wa zafinsu, ɗakuna su yi tsada, layi ya yi tsawo. Yuli da Agusta kuma lokacin ziyarar Hindu ce zuwa kogon Amarnath, dubban ɗaruruwan mutane, kuma sansanoninsu biyu suna Pahalgam da Baltal kusa da Sonamarg, wato wurare biyu daga cikin huɗun da aka sayar maka. Idan ayarinsu zai wuce, ana tsayar da sauran motoci. Haka ma idan ayarin soja ne, kuma shi ba shi da wata.

Kwarin kansa bai da girma: tsawonsa kimanin kilomita 135, faɗinsa kimanin 32, tsaunukan Pir Panjal ta wannan gefe, Himalaya ta wancan. Abin da ya ba shi kyau shi ne ya mayar da shi kurkuku idan yanayi ya juya. Babbar hanyar da ta haɗa shi da Jammu tana ratsa Ramban, inda zaftarewar ƙasa ke rufe ta kwana da kwanaki, motocin tuffa su yi layi har kayan su ruɓe. Tun Yunin 2025 akwai jirgin ƙasa daga Katra, sa'a uku zuwa Srinagar, yana bi ta gadar kogin Chenab mai tsayin mita 359. An samu sauƙi, ba shakka. Sai dai a ranar da jiragen sama suka tsaya, kowa can zai ruga, kuma baƙon da bai san yadda ake yankar tikitin jirgin ƙasan Indiya ba shi ne na ƙarshe a layi. Hangen Dala ba shiga birni ba. A Kashmir har fita daga birnin ma sai an yi lissafi.

A ce ka isa lafiya. Ejan ya ce maka akwai mota da direba duk tsawon tafiyar, kuma ga motar. Abin da bai faɗa ba shi ne iyakarta. Duk wanda ya san yadda 'yan yuniyon ke riƙe da tasha a ƙasar nan, motar wani gari ba ta lodi a filin wani, ya riga ya fahimci Kashmir. Direban Srinagar zai kai ka Pahalgam ya kashe mota. Zuwa Aru da Betaab da Chandanwari sai da motar ƙungiyar garin, da kuɗinta dabam. A Sonamarg haka, in kana son hawa wajen mashigar Zoji La. Da hunturu motarka za ta tsaya a Tangmarg, ragowar kilomita 13 ɗin zuwa Gulmarg sai a motar da aka ɗaura wa sarƙa a taya. A nan Tangmarg ɗin za a yi maka caa da hayar takalman roba da manyan riguna, ana rantse maka cewa ba a barin kowa ya hau babu su.

Sannan masu dawaki. Ƙananan dawaki ne irin ƙuru, kuma a wasu wuraren, kamar filin Baisaran da ke saman Pahalgam, babu hanyar mota, ko doki ko ƙafa. A wasu wuraren kuwa tafiyar minti goma sha biyar ce da ƙafa, amma za a ce maka nisan ba na wasa ba ne. Hukuma tana kafa allon farashi. Ciniki a gefen allon ake yin sa, da harshen da ba ka ji. Mai doki zai lissafa maka wurare bakwai da zai kai ka, ka je ka tarar uku daga ciki duwatsu ne da aka raɗa wa suna don cika lissafi. Mai jan katakon zamiya, mai ɗaukar hoto, ɗan rakiyar da ba ka nema ba, kowa da hannunsa.

Ba na jin haushin mutanen nan, kuma bai kamata mai karatu ya ji ba. Mutumin da ke da doki biyu da 'ya'ya biyar, kasuwarsa ta 'yan watanni ce a shekara, kuma harbin bindiga ɗaya na iya rufe ta, in ya ga baƙo dole ya matse shi. Dokar yuniyon ita ce hanyar da ƙauye ya samu na hana birni cinye komai. Amma adalcin tsarin ba ya rage ko kwabo daga abin da zai fita a aljihunka, kuma ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ya cikin farashin da aka dunƙule maka. Ga baƙar fata kuma babu ɓuya. Ɗan Mumbai yana iya yin kamar ya saba zuwa. Kai daga nesa an san farashinka.

Kan gaba a abin da ake zuwa Gulmarg dominsa shi ne Gondola, akwatunan gilashi masu tafiya a kan igiyar ƙarfe zuwa saman tsauni. Zango biyu ne, kowanne da tikitinsa, ta intanet ake saya, kuma a lokacin cunkoso suna ƙarewa tun da sauran kwanaki. Idan iska ta taso ana rufe zango na biyu ba tare da neman shawarar kowa ba. Ranar Gulmarg ɗaya ce a jadawalinka. Ta wuce, ta wuce.

In kuma ba a rufe ba, a nan ne wani lissafin ya shigo wanda ban taɓa ganin sa a tallar kowane kamfani ba, kuma ya fi shafar mu a kan kowa. Kano tana ƙasa da mita 500 daga bakin teku. Srinagar tana wajen 1,600, wannan ba matsala. Gulmarg tana wajen 2,650, ta riga ta ɗara Chappal Waddi, ƙololuwar da ta fi kowace tsawo a Najeriya, mai mita 2,419. Zango na biyu na Gondola yana ajiye ka a kafaɗar Apharwat, kusan mita 4,000, inda kowane numfashi ke kawo maka kimanin kashi 60 cikin 100 na iskar oksijin da ake samu a bakin teku. Mai hawa da ƙafa kwanaki yake yi jikinsa na sabawa. Kai da safe kana Srinagar, kafin azahar kana can. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya, wannan ciwon tsauni ne da ke iya kama kowa daga mita 2,500 zuwa sama, maganinsa na farko a sauko. Namu ƙarin shi ne jini. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya AS ne, yana ɗauke da ƙwayar sikila ba tare da ta taɓa damun sa ba. Likitoci sun daɗe da sanin cewa ƙarancin iska a kan tsauni na iya sa jinin mai AS ya toshe jijiyoyin saifa, ciwo mai tsanani ya kama shi ta hagun ciki. Ba kowa yake samu ba, amma ana samu, kuma sau da yawa a jikin matasa masu ji da ƙarfi. Mai SS kuwa, sanyi da ƙarancin iska da ƙishirwa su ne ainihin abubuwan da ke tayar masa da ciwo, ga su an tara masa wuri ɗaya. Ma'auratan da suka yi gwajin jini kafin aure sun riga sun san matsayinsu. Su ɗauki takardar su kai wa likita kafin su kai wa ejan kuɗi. Mai hawan jini da mai ciwon zuciya da mai juna biyu ma haka.

Waya kuma fa? Layin da za a sayar maka a filin jirgin Delhi irin na sa kati ne, kuma dokar tsaro ta hana irin wannan layi aiki a Jammu da Kashmir in ba a can aka yanke shi ba. Kana sauka Srinagar zai mutu. Sai ka nemi sabo da fasfo da hoto da jira, ko ka rayu a kan intanet ɗin otal. Shi ma intanet ɗin a hannun hukuma yake: ranar 5 ga Agustan 2019, da gwamnatin Indiya ta soke matsayin musamman na yankin, an katse komai, kuma intanet mai sauri na waya bai dawo ba sai Fabrairun 2021.

Wannan ya kawo mu ga abin da ejan zai ce kada ka damu da shi. Ranar 22 ga Afrilun 2025 'yan bindiga suka fito daga daji a filin Baisaran, wancan da ba a zuwa sai da doki ko ƙafa, suka kashe mutum 26, kusan dukkansu masu yawon buɗe ido, har da wani mai doki ɗan garin. Cikin mako guda hukuma ta rufe wuraren shaƙatawa 48. Ranar 7 ga Mayu Indiya ta kai hari cikin Pakistan, aka yi kwana huɗu ana musayar wuta, filin jirgin Srinagar ya yi kusan mako a rufe. Wannan ya faru ne a tsakiyar shekarun da ake ta shelar cewa zaman lafiya ya dawo, baƙi sun fi na kowane lokaci yawa. Na san amsar ɗan Arewa: mu da muka bi hanyar Abuja zuwa Kaduna a munanan shekarunta, me za a nuna mana? Jarumtar ba ta ci ba. A gida ka san wanda za ka tambaya, ka san shirun da ba na lafiya ba, ka san gidan da za ka kwana in hanya ta rufe. A can ba ka jin Kashmiranci, ba ka jin Urdu, layinka a mace, bizarka tana ƙirga kwana. Akwai kuma ɓangaren takarda: Birtaniya da Amurka duk sun shawarci 'yan ƙasarsu kada su je kwarin, kuma kamfanonin inshorar tafiya da yawa ba sa biyan abin da ya faru a wurin da aka yi irin wannan gargaɗi. A karanta ƙananan rubutun kafin a biya.

Mai lissafin gaskiya ba ya ɓoye riba, kuma akwai ta. Musulmi ba ya wahalar abinci a Kashmir. Wazwan ɗinsu, jerin girke-girken naman rago da ake ci mutum huɗu a faranti ɗaya, ya isa dalilin tafiya ga mai son ciki. Kiran salla yana iso ka har cikin kwale-kwale. Babban Masallacin Juma'a na tsohon birni, wanda Sarki Sikandar ya gina wajen 1400, da ginshiƙansa na katako sama da 300, gini ne da ba a mantawa, ko da yake hukuma ta sha rufe shi ranar Juma'a, don haka shi ma ba a yi maka alkawarinsa ba. Lambun Shalimar da Sarki Jahangir ya shimfiɗa a 1619, da na Nishat na 1633, kuɗin shigarsu bai taka kara ya karya ba. Abin lura shi ne mafi yawan abin da ya cancanci gani yana cikin Srinagar, a ƙasa, da araha, ba ya buƙatar doki ko sarƙa ko igiya. Jadawalin kamfani kuwa rabin yini yake ba birnin, sauran kwanakin a kan hanya. Ko rabin yinin ma direba zai gutsure shi ya kai ka shagon da yake da kamasho, a nuna maka mayafin pashmina da za'afaran waɗanda jabunsu ya yi yawa a kasuwa. Gidan kan ruwa dare ɗaya ya isa. Tafkin Dal yana fama da ƙazantar birni, da hunturu kuma katako ne a kan ruwan sanyi, sai a tambayi abin ɗumama ɗaki tun kafin a biya.

Idan na tara duka, a ganina tasowa takanas daga Kano ko Yamai don kwana biyar a Kashmir ciniki ne mara kyau. Kuɗin jirgi ya fi komai yawa, ba a mayar da shi, kuma an jingina shi a kan kwanaki ƙalilan waɗanda iska ko ƙanƙara ko soja ko yuniyon ke iya cinye kowanne daga cikinsu. Lissafin yana sauyawa ga wanda ya riga yana Indiya: ɗalibi mai hutu, ɗan kasuwar da ya gama saro kaya, mai rakiyar mara lafiyar da aka sallama kuma likita ya ce ba komai. Shi babban kuɗin an riga an kashe shi a kan wata buƙata. Irin wannan mutum ya zaɓi Oktoba, lokacin da cunkoso ya ragu, sama ta washe, chinar ya fara ja, ya haƙura da ƙanƙarar da za a taka, ya wadatu da wadda za a hango a kan tsauni. Ya sa ejan ya rubuta masa, ba da baki ba, inda motarsa za ta tsaya a kowane gari da wanda zai biya ta gaba. Ya riƙe tsabar rufi dabam don abin da ba a rubuta ba. Ya yanki tikitin Srinagar irin wanda ake iya ɗagawa, ko da ya fi tsada, kuma ya bar kwana biyu cur a Delhi tsakanin saukowarsa daga kwarin da jirginsa na komawa gida.